Yadda Na Baro Yagana a Ƙasar Gure

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Mai tsintar shinkafa ta ajiye faifai, mai goyo ta jijjiga ɗanta ya yi shiru. Wannan ba tatsuniya ba ce, shi ya sa ban jira an yi sallar lisha ba. Labarin tafiyata ne ƙasar Gure, can cikin Nijar.

Tun da na dawo ban huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a gidan gaisuwa a tambaye ni. "Hajja Fanna, yaya ƙasar Faransa? Me suke ci? Ina kuma yarinyar da kika je ɗaukowa?" Na maimaita har bakina ya gaji. Shi ne na zaunar da surukata Binta, matar ɗana Bukar, wadda take koyarwa a firamare nan Haɗejiya, na ce ta rubuta yadda na faɗa. Ni ban yi boko ba. Duk mai tambaya daga yau, a karanta mata.

Ni Bamangiya ce. An haife ni a wani ƙauye arewa da nan, aure ya kawo ni cikin gari gidan Hausawa. Danginmu rabi suna wannan ƙasa, rabi suna waccan, don iyakar ta same mu ne a zaune. 'Yata Aisa ita ce ta ɗauki Manganci sosai, saboda kullum tana gindina a fadamar shinkafa. Bukar yana ji, amma da Hausa yake mayarwa. 'Ya'yansa kuwa ko ji ba sa yi. In na ɗauki waya ina magana da 'yan'uwana, sai ƙaramin ya ruga yana cewa, "Ku zo, Hajja ta fara!" su taru su yi ta dariya.

Aisa ta auri Modu, ɗan ɗan'uwan mahaifiyata, aka kai ta wani ƙauye gaba da Gure. Can ta haifi Yagana, can kuma Allah ya karɓi ran Aisa. Ranar da aka share makoki Modu ya ce mini a gaban mutane, "Yarinya taki ce. In ta yi wayo ki zo ki ɗauka." A wurinmu irin wannan magana ba ta tsufa. To, bana yarinya ta yi wayo, har ta yi famfara, haƙoran sun fito. Bukar ya samar mata gurbi a makarantar da 'ya'yansa suke, inda ko Hausa ba a yarda yaro ya yi ba sai Turanci. Ya sa tela ya ɗinka mata kayan makaranta, shuɗiyar riga da farin hijabi, da ƙiyasi, don ba wanda ya san tsawonta. Ni kuma na shimfiɗa sabuwar katifa a ɗakina. Tun rasuwar maigidan ni kaɗai nake kwana a ɗakin nan.

Ina haɗa kaya Binta ta ce, "Hajja, Allah dai ya sa tana jin Hausa. Akwai 'yan ƙauyukan Guri ta nan kusa da mu a ajina, Badawa da Fulani. Shekarar farko can baya suke zama, ba um ba um-um. Wasu su farfaɗo, wasu a ce daƙiƙai ne, iyaye su janye su." Bukar ya ce, "Ke dai da ɓata wa mutane tafiya. Yaro ai kwana kaɗan ne ya ɗauka." Na ɗaure bandar kifi a kwali, na sa kayan makarantar a ƙasan jaka.

Abokiyar tafiyata Dije ce, Bafulatana, maƙwabciyata, mai kai atamfa Damagaram ta saro turaren wuta. Kun san tsakaninmu da Fulani ba a gaisawa sai da tsiya. Tun a tasha ta fara. "Direba, ga baiwata nan, ka sa ta a but tare da kifinta." Na ce, "Kada ka kula ta, ɗana. Tun da aka sayar da saniyar gidansu ta ƙarshe kanta bai dawo daidai ba."

Muka bi ta Malam Madori muka nufi Gumel. Kusa da ni wani tsoho ne ɗan Auyo, za shi kasuwar Maigatari sayen tumaki. Ya ji na amsa waya, ya ce, "Baiwar Allah, Barbarci ne wannan?" Na ce Manganci ne, ɗaki ɗaya suke. Ya ce, "Mu ma an ce da muna da namu bakin a Auyo. Kakana ya ce ya ji tsofaffi suna yi." Dije ta ce, "To yi mana ko gaisuwa mu ji." Ya ce, "Wa ya bar mini?" Ya ɓare goro, ya ba mu.

A Maigatari ake barin motar Nijeriya. Nan ne warin kifina ya fara jawo mini jama'a. Kowane mai kaki ya zo sai ya tsaya kan kwalin, ya ce a buɗe, ya leƙa, ya yaba. Wanda ya yaba kuwa ba a barinsa hannu sake. Kafin mu tsallaka, kwali ya yi sauƙin ɗauka. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi katina, ya yi mini Faransanci. Na dube shi. Ya koma Hausa, irin tasu mai ɗauri. Ya ga sunana, ya ga zanen fuskata, sai ya ce, "Wushe, kaka," ya zarce da Manganci tsantsa, yana tambayar mutanen gida. Ashe ɗan wajen garin Maine ne, can ƙasar Mangawa. Baki uku ya yi mini a tsaye guda. Shi kaɗai ne bai taɓa kifin ba, shi kaɗai kuma na ba da zuciya ɗaya. Dije ta ce, "Lallai, mun shigo ƙasar bayi, har da bindiga aka ba su."

Daga nan hanya ta zama rairayi da rami. Motar ta kafe sau ba adadi, maza su sauka su tura, mu mata mu tsaya gindin aduwa. Mun isa Damagaram da la'asar sakaliya, muka sauka gidan wata Hajiya mai saukar fatake mata, inda Dije ta saba. Ɗaki ɗaya ne dogo, tabarmi jere, kowa da ƙullinta a matsayin matashi. Aka kawo mana dambu da zogale, ya ji ƙuli da mai. Wannan na san shi. Abin da ban sani ba burodinsu ne: dogo kamar taɓarya, ɓawonsa kamar ƙwarya. Na gatsa, haƙorina na gaba da ya daɗe yana girgiɗi ya ce ga garinku. Dije ta yi dariya har da hawaye, ta ce in ƙulle shi in kai wa jikata tsaraba, tunda ita ma ta san zafin abin. Shayinsu kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na ajiye na yi godiya, ashe da saura. Wai tashi bayan na farko rashin ladabi ne, sai an sha mai zaƙin. A wajenmu baƙo yana cin abinci ya tashi; a can sai shayi ya sallame shi.

Dije ta ce ba za ta bar baiwarta ta ɓata ba, za ta raka ni har ƙauyen. Muka hau mota zuwa Gure, daga Gure kuma muka hau amalanken shanu na masu komawa daga kasuwa. Ƙasar ba ruwa. Tudun rairayi, kwari mai dabino da kanwa, sai wani tudun. Ni da na tsufa ina jin kukan kwaɗi, sai na ga kamar an kwashe wa duniya rabinta.

Modu ya tarbe mu da kyau. Ya sake aure, matar mai hankali ce, ta yi mana burabusko da miyar kuka, na zuba mata sauran kifin ta yi ta juya shi tana shinshinawa. Aka kira Yagana. Ta zo ta durƙusa. Ba zan ce tana kama da Aisa ba, don ba ta yi. Ubanta ta ɗauko. Amma da ta buɗe baki ta gaishe ni, muryar ce. Na fiddo kayan makaranta aka gwada mata. Kamar a jikinta aka auna. Dije ta yi mata Hausa, ta ce, "'Yan mata, za ki bi mu birni?" Yarinya ta dubi uban. Hausarta ba ta wuce ta sayen gishiri ba.

Modu ya ce mini, "Gara da kika zo, Ya Fanna. Lakwal ɗin nan tamu" (haka suke kiran makaranta) "rumfar zana ce, ruwa na sauka an tashi. Kuma bakin gida ake koya musu. Abin da yaro ya iya tun a bayan uwarsa, shi za a je a zauna koya? Da ba ki zo ba, da na cire ta ta taya matata kiwon awaki."

Washegari da hantsi malamin makarantar ya aiko. Sunansa Malam Kyari, saurayi ne siriri mai tabarau. Wai al'adarsu ce, in tsoho ya baƙunci gari, a roƙe shi ya zo ya ba yara labari. Na ce ni da ban san alif na boko ba me zan yi a makaranta? Dije ta ce, "Tashi mu je, yau ɗaya dai a ce Babarbariya ta shiga aji."

Rumfa ce kuwa, yara zaune a rairayi, kowa da ɗan allonsa baƙi. Muna isa na ji abin da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni: malami yana lissafi da Manganci. Yana tambaya, hannuwa suna tashi, ana ƙyasta yatsu, har da masu gardama da shi. Na leƙa can baya, inda Binta ta ce marasa magana suke zama. Na bayan sun fi kowa surutu.

Aka shimfiɗa mini tabarma. Malam Kyari ya ce, "Kaka, a yi mana tatsuniya." Na dubi rana, na dube shi. Na ce, "Ɗana, da rana tsaka? A wurinmu wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata yake a hanya. Ni kuwa baƙuwa ce, ga doguwar hanya a gabana, ga yarinya zan riƙa." Yara suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "To a ba mu wanda ya faru da gaske. Shi ba ya ɓatar da kowa." Na laluba cikin raina. Abin da ya zo mini shi na faɗa.

Na ce, wata shekara kogin Haɗejiya ya cika ya shanye mana gona, sai a kwalekwale muka yanki shinkafa. Nan take aka tsayar da ni: mene ne kwalekwale? Yaran ba su taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin guga ba. Sai da aka kawo kwano da ruwa, na ɗora ɓallin ƙwarya, na sa tsakuwa biyu a ciki, na ce ga ni, ga 'yata. Na ci gaba. Na ce yarinyar nan tawa, tana kamar ku, ta hango 'yar akuya ja a kan suri, ruwa ya kewaye ta, tana kuka. Na ce mu wuce, jirgi ya cika da dami. Ta ce ita ba ta san wannan ba. Ta dira cikin ruwa har wuya, ta je ta saɓo akuya a kafaɗa, ta dawo tana haki, ta ce a zubar da dami ɗaya in dai wuri ne babu. Aka yi cigiya ba mai ita. Ta raine ta da ruwan koko. Akuyar nan ta yi ta haihuwa, har ranar da aka kai yarinyar gidan miji ta ce ba za ta hau mota ba sai da jikar akuyarta.

Ina faɗa, malam yana rubutu a babban allo. Da na gama ya ce, "Kaka, yaya sunan yarinyar?" Na ce Aisa. Ya rubuta. Sannan ya miƙa wa Yagana tsinke ya ce ta karanta.

Ta tashi. Ta sa tsinke a kan farin zanen nan tana bi, sai ga maganata tana fitowa daga bakinta. Ba wai irinta ba, ita kanta, yadda na jera ta, har da inda na ce "ita ba ta san wannan ba". Da ta kai ƙarshe ta karanta sunan, ta tsaya. Ta juyo ta ce, "Kaka, jar akuyar gidanmu?" Na ce jininta ce. Wani yaro ya ce, "Mai cin mana allo!" Aji ya kaure. Ita ba ta yi dariya ba. Ta koma ta zauna, ta ɗauki ɗan allonta, ta fara kwafe abin da ke sama tun daga farko.

Dije, wadda ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta raɗa mini, "Ke, wannan yaren naku na masu cin ɗanyen gero ashe yana rubutuwa?" Na ce ga shi kin gani. Sai ta ce, "Nawa jikokin ko 'zo' ba su sani ba da Fillanci." Ba ta ƙara tsokanata ba har azahar.

Da aka tashi na tsayar da malamin. Na ce, "Gaya mini gaskiya, wannan karatu yana kai yaro wani wuri?" Ya ce, "Kaka, ba zan yi miki daɗin baki ba. Da bakin gida muke farawa, har su iya karatu da lissafi. Faransanci yana shigowa kaɗan kaɗan, in sun yi gaba shi zai karɓe. Wanda ya iya karatu da nasa, na baƙo ba ya ba shi tsoro, wannan na gani da idona. Amma littattafanmu ba su da yawa, shi ya sa nake farautar tsofaffi. Ga rumfa kin gani. Iyaye kuma wasu suna cewa muna ɓata wa 'ya'yansu lokaci. In kin kai ta birni za ta sami bene da fanka. Ban isa in ce miki kada ki kai ta ba."

Da yamma ina zaune ina ninke kayan makarantar, Yagana ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Kaka, a makarantar Haɗejiya da wane baki ake yi?" Na ce Turanci. Ta ce, "In malam ya tambaye ni ban gane ba fa?" Na ce, "Sai ki yi shiru har ki gane." Ta ce to. Ta tashi ta tafi ba wa awaki dusa. Ni kuma na zauna da abin da na faɗa. Na san wurin zaman da na ba ta: can baya ne a aji, inda Binta ta faɗa.

Ranar tafiya Modu ya tara dattawan gidansu kamar yadda ake yi. Ya kama hannun yarinya ya sa a nawa, ya ce, "Ga amanarki, na cika alkawari." Na ce, "Na karɓa. Ku shaida, daga yau tawa ce?" Suka ce taki ce. Na ce, "Abin da na ce a kanta shi za a yi?" Suka ce haka al'ada take. Na ce, "To na ajiye ta a nan. Ba kiwo na ajiye ta ba, rumfar Malam Kyari na ajiye ta. Ba mai cire ta sai ni. In ta gama abin da ake yi a nan, bakinta ya yi ƙwari, sai a kawo mini ita ta koyi na wasu." Modu ya ce, "Ya Fanna, kin sha wannan hanya don ki koma hannu rabbana?" Na ce, "Ai na ga abin da na zo gani." Wani tsoho ya ce magana ta ƙare, aka shafa fatiha.

Ban bar mata shuɗiyar rigar ba, don a can ba a sa irinta. Farin hijabin na bar mata. Ta raka mu har bakin gari tana jan jar akuya da igiya, wai ta zo ta yi mini sallama ita ma.

A amalanke Dije ta ce, "Kin ƙi tatsuniya don kada ki ɓata, ga shi kin ɓatar da yarinya." Na ce, "Na san inda take." Komowa ba abin faɗi, hanya ɗaya ce, sai dai kwali babu kifi, ba wanda ya tsayar da mu.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Bukar ya yi fushi, ya daina shigowa gaishe ni da safe, sai ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce na zaɓa wa marainiya rumfar kara a kan bene, kuma ranar da za ta nemi aiki ba wanda zai tambaye ta Manganci. Ban ce ƙarya yake ba. Yanzu ya koma shigowa, amma ba ma tada zancen. Shuɗiyar rigar 'yarsa ta biyu ce take sawa. Dije tana nan tana fataucinta; an ce ta fara yi wa jikokinta Fillanci da ƙarfin tsiya, suna gudu in sun hango ta. Tsohon Auyo ban sake ganinsa ba. Modu ya riƙe magana, matarsa ce take kiwon. Malam Kyari an ce iska ta ɗauke masa rumfa farkon damina, iyaye suka taru suka kafa wata. Binta ga ta nan tana rubutu; ta ce ta dawo da 'yan bayan ajinta gaba, tana sa babba ya fassara wa ƙarami, shugaban makaranta bai sani ba tukuna. Katifar da na shimfiɗa tana nan, na jingine ta da bango.

Yagana kuwa, ran Juma'a ubanta yakan hau tudun da waya take kamawa, ya kira, ya ba ta. Ba ma doguwar gaisuwa. Karanta mini take yi, abin da wani tsoho ko wata tsohuwa suka faɗa a rumfa wannan makon. In ta fara, ƙaramin ɗan Bukar yakan zo ya tsaya, ya ce, "Hajja, me ta ce?" In ce ya zauna in gaya masa.

Wannan labari da Hausa na ba da shi, da Hausa aka rubuta, don duk gidan nan ba mai iya rubuta shi da bakin da nake mafarki da shi. A zuriyata kaf mutum ɗaya ce za ta iya. Ita ce na baro.